Ɗakin da Aka Kulle: Muhawara a kan Ƙagaggen Labarin da ke Tona Asirin Gida

Daga cikin nau'o'in ƙagaggun labarai da suka daɗe suna riƙe masu karatu a duniya, akwai wanda ake gina shi a kan gida guda da zuri'a guda, da kuma wani mummunan al'amari da ya auku a cikin gidan, wanda kowa ya san da shi amma babu mai yarda ya ambace shi. Turawa suna kiran wannan salo Gotik, sunan da aka aro daga tsarin ginin tsofaffin majami'u da fadoji na Turai masu duhun lungu da dogayen soraye, domin a irin waɗannan gine-gine ne marubutan farko suka riƙa ajiye labaransu. Masana adabi sun fi danganta mafarinsa da littafin The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a Ingila a 1764, inda sarautar da kaka ya ƙwace ta hanyar kisa ta dawo tana bibiyar jikansa. Da tafiya ta yi nisa sai marubuta suka rage dogaro da fatalwa, suka mayar da abin tsoron cikin zukatan mutanen gidan, kamar yadda ake gani a Jane Eyre na Charlotte Brontë a 1847, inda maigida ya kulle matarsa mai taɓin hankali a saman bene ya ci gaba da neman wani aure kamar babu ita, da kuma littafin Shirley Jackson na 1962, We Have Always Lived in the Castle, inda 'yan'uwa mata biyu suke zaune a gidan da aka kashe danginsu da guba, suna girki da shara suna kauce wa maganar wadda ta zuba gubar.

Abin da ke riƙe irin wannan labari shi ne zullumi, wato halin da mai karatu yake shiga na rashin sanin ko mai ba da labarin gaskiya yake faɗa, ko kuwa shi ma yaudarar kansa yake yi. Wannan yaudarar kai ita ce masana halayyar ɗan Adam suke kira musun gaskiya, kuma Anna Freud ta yi bayaninta a littafinta na 1936 a cikin dabarun da zuciya take kare kanta da su daga abin da ba za ta iya ɗauka ba. Mai musun gaskiya ya bambanta da maƙaryaci, domin maƙaryaci ya san abin da yake ɓoyewa kuma waninsa yake son ruɗawa, shi kuwa wannan kansa ya fara ruɗawa, har ya kai ga ganin alama ƙuru-ƙuru ya fassara ta da wani abu dabam. Idan gida ɗungurungum ya haɗu a kan irin wannan musu, sai ya zama doka marar rubutu wadda yara suke tashi a cikinta, suna koyon inda ba a kallo da abin da ba a tambaya tun kafin su san dalili.

Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ko ya dace marubucin Hausa ya ɗauki wannan salo ya shiga da shi cikin gidan Bahaushe. Tambayar ba ta Kano kaɗai ba ce, duk da cewa can ce cibiyar buga littattafan Hausa, domin labaran da a da sai an je kasuwa ake saye yanzu suna isa ga matan aure da 'yan mata a garuruwa irin su Dalijan da Kambaza da Malisa a ƙaramar hukumar Gwandu, da Kalgo inda mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kuma a saurare su ana karantawa a YouTube. A cikin waɗannan labarai jigon soyayya bai gushe ba, amma an ƙara shigo da fyaɗe a cikin dangi, da ɗan da aka ɓoye asalinsa, da marayan da aka cinye wa gado, da mai lalurar ƙwaƙwalwa da aka rufe a ƙuryar ɗaki. Saboda haka muhawarar ta riga ta shigo gida, ko an shirya mata ko ba a shirya ba.

Masu ƙin wannan salo suna da hujjoji masu nauyi, kuma kuskure ne a ɗauke su a matsayin mutanen da ke gudun gaskiya kawai. Hujjarsu ta farko ta addini ce, kuma a ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar ya kuma yi rubuce-rubuce har aka binne shi, babu hujjar da take gaba da ta addini. Suna kafa dalili da aya ta 12 ta Suratul Hujurat wadda ta hana bin diddigin mutane da cin namansu a bayan idonsu, da aya ta 19 ta Suratun Nur wadda ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a tsakanin muminai, da kuma hadisin da ya yi alkawarin sutura ga wanda ya suturta ɗan'uwansa Musulmi. A ganinsu, littafin da yake zayyana yadda uba ko kawu ya ci amanar 'yar gida, ko da sunayen ƙage ne, yana saba wa kunne da jin abin da ya kamata ya girgiza shi, kuma abin da kunne ya saba da shi zuciya takan daina ƙyamarsa. Wannan tunani ne ya yi tasiri a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya kuma hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta buƙaci marubuta su yi rajista da ita.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko kusa da rayuwar yau da kullum, kuma ita ce wadda marubutan birni suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A babban birni mutum zai iya rubuta labarin wani gida ya ɓace a cikin jama'a, amma a gari irin Dalijan, inda zuri'o'i suka san juna tun daga kakanni, inda auratayya ta sarƙe gidaje har ba a rasa dangantaka tsakanin mutum biyu, sauya suna ba ya ɓoye kowa. Ya isa marubuci ya ambaci gida mai rijiya biyu da tsohuwar da ta makance da ɗan da ya tafi ci-rani bai dawo ba, sai kowa ya gane gidan da ake nufi, ko kuma, abin da ya fi muni, a jingina labarin ga gidan da bai ji ba bai gani ba. Kuma abin kunya a wannan al'umma ba ya tsayawa a kan wanda ya aikata shi, domin idan aka zo binciken asali kafin aure, 'yan matan gidan ne da samarinsa suke biyan bashin da ba su ci ba. Wanda ya san yadda kalma ɗaya ta taɓin hankali ko ta cikin shege take rushe baikon da aka daɗe ana ginawa, zai fahimci cewa dattijon da yake cewa a kashe maganar ba koyaushe mugu ba ne, sau da yawa lissafin jikokinsa yake yi.

Akwai kuma masu cewa salon baƙo ne, an haife shi a cikin al'ummar da mutum yake zaune shi kaɗai a ƙaton gida babu maƙwabci babu dangi, alhali gidan Bahaushe cike yake da mutane, kuma yana da hanyoyinsa na warware matsala ta hannun iyaye da kawunnai da liman da mai unguwa da hakimi. Wannan hujja ita ce mafi rauni a cikin ukun, kuma tarihin adabin Hausa da kansa ya isa ya amsa ta.

Tun a rukunin ƙagaggun littattafan farko da suka fito a Zariya bayan gasar 1933, akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ƙashin bayansa shi ne zalunci da aka yi a kan aure, da ramuwar gayya da aka ƙulla a ɓoye, da yaron da ya tashi ɗauke da masifar da bai san tushenta ba har ya zama ɓarawo ya kashe mahaifinsa ba da saninsa ba. Babu tsohuwar fadar Turai a cikinsa, amma ginshiƙin salon yana nan, wato laifin manya da ke faɗawa a kan 'ya'ya. Kafin wannan ma, tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 cike suke da marainiyar da kishiyar uwa take azabtarwa alhali uba yana nan bai ce uffan ba, kuma tsofaffi mata ne suke ba da waɗannan labarai ga yara da dare a tsakar gida, wanda ya nuna cewa al'ummar ta daɗe da ware wa wannan magana wuri, ta hanyar sanya ta a bakin Gizo da Dodo. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, inda ta cire wannan lulluɓi ta nuna maigidan da ya wulaƙanta iyalinsa da yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita dole, da sunayen mutane irin na maƙwabta.

Tsarin ginin gidan ma yana ba marubuci duk abin da yake buƙata ba tare da aro ba. Baƙo namiji yana tsayawa a zaure, na kusa ya kai shigifa, tsakar gida kuwa ta mata ce da muharramai, daga nan sai ɗakuna da turaka, kowace ƙofa tana rage yawan idanun da ke iya wucewa. An yi wannan tsari domin sutura da kare mutuncin mata, kuma ya yi wannan aiki shekaru aru-aru, sai dai katangar da take hana idon banza shiga ita ce kuma take hana kuka fita, idan aka yi rashin sa'a mai iko da gidan ya kasance shi ne azzalumin. Marubutan wasu ƙasashen Musulmi sun ga haka tun tuni. A littafin Ɗayyib Salih na Sudan, Mausimul Hijra ilash Shamal, wanda ya fito a 1966, akwai ɗaki kulle a cikin wani gidan ƙauye a bakin kogin Nilu, akwai kuma bazawarar da aka tilasta wa auren tsoho har abin ya ƙare da jini, ƙauyen kuma ya binne gawawwakin ya haɗu a kan yin shiru. A gida Najeriya, Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, ya ginu a kan uwar da alkunya ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari ko nuna masa ƙauna har ya mutu, abin ya zame mata ciwon da ya ja ta zuwa ga halaka. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan alkunya, kuma ya san ba daga Ingila aka kawo ta ba.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a ɓangaren masu goyon baya ba daga littafi ta fito ba, daga abin da ya faru ne a zahiri. A watan Agusta na 2020 aka ceto wani yaro ɗan kimanin shekara 10 a wata unguwa ta Birnin Kebbi, wanda aka ɗaure a turken dabbobi na kusan shekara 2 bayan rasuwar mahaifiyarsa, a cikin gidan mahaifinsa, kuma a cikin watan ne aka fito da wani mutum a Kano wanda iyayensa suka kulle shekara 7. Shekara guda kafin haka, a watannin Satumba da Oktoba na 2019, jami'an tsaro sun buɗe gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa, suka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Abin da ya kamata ya tayar da hankali a nan ya wuce muguntar mutum ɗaya ko biyu, domin yaro ba ya shekara biyu a turke ba tare da wani ya ji motsinsa ba. Akwai masu shiga gidan domin barka da gaisuwa, akwai yaran da ake aike, akwai maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba su, kuma kowannensu ya sami abin da ya faɗa wa zuciyarsa, wani ya ce maganar gida ce, wani ya ce ba a shiga tsakanin uba da ɗansa, wani ya ce ai yaron ba shi da lafiya ne. Wannan shi ne musun gaskiya a aikace, kuma shi ne ainihin abin da rahoton jarida ba ya iya nunawa, saboda jarida tana kawo ranar da aka buɗe ƙofa ne, ba ta kawo ɗaruruwan ranakun da aka wuce ta gaban ƙofar. Ƙagaggen labari ne kaɗai yake iya zaunar da mai karatu a cikin zuciyar matar da take jin nishi kullum da dare tana gyara kwanciya, har ya gane da firgici cewa uzurinta irin nasa ne.

Game da hujjar addini kuwa, wanda ya duba da kyau zai ga cewa malamai ba su taɓa ɗaukar sutura a matsayin bargon da ake lulluɓa wa kowane irin laifi ba. Suturar da aka kwaɗaitar a kanta ita ce ta mutumin da ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ya cutar da wani, kuma ba a san shi da ɓarna ba. Amma aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya, aya ta 135 ta surar kuma ta wajabta tsayawa a kan adalci ko da shaidar za ta faɗa a kan mutum kansa ko iyayensa ko danginsa na kusa, kuma Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki har da kai ƙarar zalunci da neman taimako wajen kawar da ɓarna. Suratu Yusuf gaba ɗayanta labarin asirin gida ne, na 'yan'uwan da suka haɗa baki a kan ƙarya suka riƙe ta shekaru, da uban da baƙin ciki ya tafi da ganinsa, kuma gafarar da ta zo a ƙarshe ta zo ne bayan an faɗi laifin an amsa shi. Magabatan wannan yanki ma ba su yi shiru a kan aibin gida ba. Shehu Usmanu a Nurul Albab ya soki malaman da suke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, Malam Abdullahi kuma a Tazyinul Waraƙat ya bayyana ɓacin ransa da yadda wasu daga cikin jama'arsu suka karkata ga neman duniya da mulki, ɓacin ran da ya sa a wajajen 1807 ya kama hanyar gabas har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Ɗan Gwandu da yake ganin faɗin aibin nasa cin amana ne, ya kamata ya tuna cewa wanda ya kafa martabar garin ya faɗi na jama'arsa a rubuce.

Duk da haka, akwai wata suka wadda ba daga masu ra'ayin riƙau take fitowa ba, kuma ita ce ya kamata ta fi damun marubuci mai gaskiya. Salon Gotik yana da tsohuwar ɗabi'a ta mayar da mai ciwo ya zama dodo. Matar da aka kulle a Jane Eyre ba a ba ta bakin magana ba, dariyarta kawai ake ji da dare, har sai da Jean Rhys ta rubuta Wide Sargasso Sea a 1966 domin ta ba da labarin daga ɓangarenta. Idan marubucin Hausa ya kwaso wannan ɗabi'a ya zuba ta a cikin al'ummar da tuni take danganta lalurar ƙwaƙwalwa da iskoki da sammu, take kuma gudun haɗa zuri'a da gidan da aka taɓa samun mai ita, to ya ƙara wa mari nauyi ne a ƙafar marar lafiya. Haka nan idan kowane asiri ya ƙare a kan kishiya da boka, kamar yadda labarai da yawa suke yi saboda ita ce hanya mafi sauƙi, to an wanke maigida da dattawan dangi, an kuma ba mai karatu damar ya rufe littafin yana ganin sharri daga waje yake shigowa. Irin wannan labari, ko da ya cika da abin tsoro, shi ma wani nau'i ne na musun gaskiya.

Yanayin kasuwar ma yana tura marubuci zuwa ga wannan rami. Labarin da ake saki kashi-kashi a waya, wanda sai an biya kafin a ga ci gabansa, yana buƙatar kowane kashi ya ƙare da abin da zai sa a dawo, kuma babu abin da ya fi saurin jawo mai saye irin zayyana cin zarafi dalla-dalla. A nan ne tsoron malamai yake tabbata, domin akwai bambanci mai girma tsakanin labarin da yake sa mai karatu ya ji nauyin abin da aka yi wa yarinya, da wanda yake sa shi leƙen abin da aka yi mata. Na farko yana iya isar da saƙonsa ba tare da ya buɗe ƙofar ɗakin ba, ta hanyar nuna yadda yarinyar ta daina cin abinci, da yadda uwarta ta daina kallon idonta, da yadda aka gaggauta aurar da ita wani gari. Na biyu kuwa kasuwanci ne da ciwon mutane, kuma bai cancanci kariyar da ake nema wa adabi ba.

Sai kuma tambayar abin da zai biyo bayan karatu. Mace a Dalijan ko Kalgo da ta karanta labari ta ga rayuwarta a ciki, ta tuno abin da ta yi shekaru tana dannewa, ina za ta nufa? Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da aka fi sani a yankin yana Kware a Jihar Sakkwato, likitocin wannan fanni kuma 'yan ƙalilan ne a faɗin ƙasar idan aka kwatanta da yawan jama'a, kuma sai a watan Janairu na 2023 ne aka sanya hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga zamanin mulkin mallaka. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana nan, gwamnonin jihohi kuma sun ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yuni na 2020, amma tsakanin takardar doka da tsakar gidan ƙauye akwai tafiya mai nisa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, sai dai ba ta zama dalilin hana rubutu ba, domin hukuma ba ta gina asibiti ko ta horar da ma'aikata saboda matsalar da al'umma ta rantse babu ita. Sai an yarda ciwon yana nan ake neman maganinsa, kuma gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta nuna yawan matan da suke da irin waɗannan labarai a ransu suna jiran inda za su sauke su.

Idan aka auna ɓangarorin, hujjar masu hani tana da ƙarfi a kan yadda za a rubuta, amma ba ta kai ta hana a rubuta ba. Marubucin da ya fito daga ƙaramin gari yana da haƙƙin maƙwabtaka a wuyansa, don haka wajibi ne ya narkar da abin da ya sani har ya zama babu gidan da za a nuna da yatsa, ya sauya gari da sana'a da yawan 'ya'ya da duk wata alama, kuma idan ya ga labarin ba zai tsaya ba sai da alamar, to ya bar shi, domin abin da yake hannunsa tonon silili ne. Wajibi ne kuma ya ajiye abin tsoron a inda yake a zahiri, wato a cikin natsuwar masu lafiya da suke cin tuwo a tsakar gida alhali sun san wanda yake bayan ƙofa, ya ba wanda aka kulle suna da tunani da murya, ya kuma yi wa masu shirun adalci ta hanyar nuna tsoron da ya rufe musu baki, tun da mai karatu ba zai gane kansa a jikin dodo ba, amma zai gane kansa a jikin goggo mai kirki wadda ta ce a bar wa Allah.

Ƙasar Kabi da Gwandu tana da abin da za ta ƙara wa wannan adabi wanda Kano ba za ta iya bayarwa a madadinta ba, wato karin harshenta na yamma, da tsofaffin gidajen malamai da na sarauta masu dogon tarihi, da zaman fadama da ci-rani da ke raba maza da gidajensu watanni. Ɗaliban harshe da adabi a Kalgo da Birnin Kebbi su ne suka fi cancanta su ɗauki wannan aiki, malamansu kuma su karanta abin da ake yaɗawa a waya su rarrabe mai kyau da marar kyau a fili, maimakon a yi wa duka hukunci ɗaya. Iyaye da malaman addini da ke da damuwa su ma su karanta kafin su yanke, domin littafin da ya sa aka tambayi lafiyar yaron da aka daina gani a ƙofar gida ya yi aikin da wa'azi yake nema. Wanda kuwa ya san da wani da aka ɗaure ko aka kulle a unguwarsu a yau, kada ya jira marubuci, ya sanar da mai unguwa ko hakimi ko 'yan sanda tun kafin rana ta faɗi.